Na ƙirƙiri sabon waifai a Cisco 9800 ta CLI amma sunan ya ƙi fitowa, a taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyanmu da ke wannan zaure. Ina aiki a wata makaranta mai zaman kanta a Kano, wata uku ke nan da na karɓi ɗakin kwamfuta daga hannun injiniyan da ya bar aiki. Kwantirolarmu, wato na'urar da ke sarrafa waifai ɗin makarantar duka, Cisco Catalyst 9800-L ce, da AP (na'urorin da ke watsa waifai) takwas ƙirar 9120 da suke aiki lafiya tun zamaninsa. Satin da ya wuce muka ƙara huɗu a sabon gini, aka kuma ce in buɗe wa malamai waifai nasu daban da na ɗalibai. Na shiga CLI, wato wurin buga wa kwantirola umarni da rubutu, ta manhajar PuTTY na rubuta:

wlan MALAMAI 5 Malamai
no security wpa akm dot1x
security wpa psk set-key ascii 0 sai kalmar sirri
security wpa akm psk
no shutdown

Idan na buga show wlan summary yana nuna UP. A show ap summary duka sha biyun suna Registered. Amma ko a gindin AP na tsaya da waya ba na ganin Malamai. Sababbin huɗun ma ko waifai na ɗalibai ba sa fitarwa. Ranar Litinin za a fara jarrabawa ta kwamfuta a sabon ginin, shugaban makaranta ya ce idan abin ya gagara a sayo ƙananan rauta irin na gida. Ina tunanin in yi write erase, wato in share tsarin kwantirolar duka, in fara daga farko. Don Allah me kuke gani?

Shugaban zaure: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura ka share. Duk abin da ke sa AP takwas ɗin nan aiki yana cikin wannan tsarin, kuma wanda ya rubuta shi ba ya nan. Kafin ka sake buga komai, kunna adana rubutu a PuTTY, ka buga terminal length 0, sai show running-config, ka ajiye kwafin a kwamfutarka da filashi. Bayan haka kawo mana abin da show ap tag summary ya nuna.

Wani ɗan uwa daga Zariya: Me zai hana ka shiga ta birawuza kawai? Akwai tsarin da ke binka mataki-mataki, minti biyar ka gama.

Injiniya daga Kaduna: Malam na Zariya, birawuza ba laifi ba ce, ni ma ina amfani da ita. Amma yaron nan shi kaɗai ne a wurin, gara ya fahimci yadda abin yake a ɗaure, don ranar da shafin ya ƙi buɗewa kebul ɗin konsol, mai haɗa kwamfuta kai tsaye da kwantirola, shi ne kawai zai rage masa.

Ɗan uwa, umarninka daidai ne, sai dai aikin bai kai rabi ba. Mu da muka taso da tsofaffin kwantirola irin 2504 da 5508 masu manhajar AireOS mun saba da wani abu: ka ƙirƙiri WLAN, wato waifai ɗin, ka ba shi VLAN, wato sashen netwok da aka keɓe masa, a wuri guda, ka kunna, ya fito. Ita 9800 a kan IOS-XE take, kuma an rarraba aikin gida-gida. Abin da ka rubuta yana ɗauke da suna da tsaro kawai. VLAN ɗin da malamai za su faɗa yana cikin wani abu daban, policy profile. Su biyun kuma ba su san juna ba sai policy tag ya haɗa su. Kamar a ce ga ango ga amarya, amma ba a ɗaura aure ba. Daga nan sai a maƙala wa AP wannan tag ɗin, domin AP ba ya fitar da komai sai abin da ke cikin tag ɗinsa. Shi ya sa UP ɗin da kake gani bai amfane ka ba.

Mai tambaya: Na adana kwafin, na gode Yallaɓai. Ga sakamakon: tsofaffin takwas suna kan tag mai suna PT-MAKARANTA, sababbin huɗun kuma default-policy-tag.

Injiniya daga Kaduna: To ga matsalolinka biyu nan a fili. Ba sai ka ƙirƙiri sabon tag ba, yi amfani da wanda ka tarar. Wane VLAN aka ware wa malamai? Bari in ɗauka 30 ne, ka canza idan ba shi ba:

wireless profile policy PP-MALAMAI
vlan 30
no shutdown
exit
wireless tag policy PT-MAKARANTA
wlan MALAMAI policy PP-MALAMAI

Kula da no shutdown ɗin nan. Sabon policy profile a kashe yake zuwa, kuma mutane da yawa a nan suke kwana suna neman abin da ya lalace. Sannan kowane sabon AP ka rubuta ap da lambar MAC ɗinsa (lambar shaidar na'urar), a ƙarƙashi policy-tag PT-MAKARANTA. Lambar Ethernet za ka ɗauka, ba ta rediyo ba, show ap summary yana jera su kusa da juna, mai gaggawa sai ya ɗauki wadda ba ita ba. Ka duba sauran tag biyu da AP ke ɗauka, site tag da RF tag, na tsofaffin ma, idan ba na asali ba ne ka sa wa sababbin irinsu. Duk AP ɗin da ka canza wa tag zai saki kwantirola ya sake haɗuwa, taɓa PT-MAKARANTA kuma na iya yanke waɗanda suke kai na ɗan lokaci. Ka bari sai an tashi daga makaranta.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, bayan la'asar na yi, sunan ya fito a duka gine-ginen biyu! Sai dai waya tana karɓar kalmar sirri, ta tsaya tana neman adireshin IP, can ta sauka. Na ɗalibai kuwa yana aiki har a sabon ginin. Ko in mayar da ramukan suwic da aka jona AP su zama trunk, wato masu ɗaukar VLAN da yawa?

Wata 'yar uwa daga Abuja: A'a, bar ramukan AP yadda suke. Tunda na ɗalibai ya yi aiki a kansu ba tare da trunk ba, AP ɗinka a local mode suke. Wato duk abin da waya ta aiko, AP na naɗe shi cikin CAPWAP, hanyar da yake magana da kwantirola, ya kai mata, UDP 5246 na umarni, 5247 na bayanai. A bakin kwantirola ne VLAN 30 yake fitowa, don haka can za ka duba. Wani yanayin daban, FlexConnect, shi ne ke buƙatar trunk a ramin AP, idan ana sauke bayanai a reshe ba a kwantirola ba.

Buga show vlan brief a kwantirolar, ka ga ko 30 na nan. Idan babu, vlan 30 kawai za ka rubuta. Sai show interfaces trunk a kwantirola da kuma babban suwic. Ina kyautata zaton tsohon injiniyan ya iyakance VLAN ɗin da ke wucewa.

Yanzu ka natsu ka karanta wannan sau biyu. Umarnin shi ne switchport trunk allowed vlan add 30. Idan ka manta kalmar add, ba ƙari ka yi ba, ka maye gurbin jerin gaba ɗaya da 30 kaɗai. Nan take kwantirola ta ɓace, AP sha biyu su sauka, kai ma da ka shiga daga nesa ta SSH a rufe maka ƙofa. Ya taɓa faruwa da ni a wani ofishi da tsakar rana, ban manta tafiyar da na yi zuwa ɗakin saba da kebul a hannu ba. Tun ranar, idan zan taɓa trunk daga nesa sai na fara buga reload in 10 a suwic ɗin, in abu ya ɓaci ya tashi da tsohon tsarinsa, in ya yi kyau in buga reload cancel. Daga ƙarshe ka tabbata interface vlan 30 a babban suwic yana da ip helper-address mai nuna sabar DHCP, wadda ke raba adireshin IP, kuma an buɗe wa 30 nata rukunin adireshi a can.

Wani ɗan uwa daga Zariya: Gaskiyar Hajiya. Ni kuma abin da ke damuna kalmar sirri guda ga malamai duka. A makaranta ba ta sati biyu ɗalibai sun samu. In an gama jarrabawa ka nemi sabar RADIUS ka koma 802.1X, kowa da sunansa da kalmarsa, wanda ya bar aiki a cire shi shi kaɗai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. VLAN 30 yana kwantirola, amma a suwic 10 da 20 kawai aka bari. Na sa add, wayata ta samu adireshi nan take. Saura abu ɗaya: biyu daga sababbin AP ɗin suna da rauni ƙwarai, daga aji na biyu sigina ta faɗi. Su biyun ne muka jona a wani tsohon suwic da muka ɗauko daga sito.

Shugaban zaure: Kafin komai, ka buga write memory a kwantirola da suwic duka, yanzu. Duk aikin yau a running-config yake, ba a adana shi ba, idan aka ɗauke wuta inbata bai riƙe ba, ka koma gidan jiya.

Batun AP biyun kuwa, wuta nake zargi. Tsohon PoE (wutar da suwic ke ba AP ta kebul), wato 802.3af, iyakarsa wat 15.4 a kowane rami. Shi 9120 yana son 802.3at mai kaiwa wat 30. Idan bai samu ba zai tashi, har ya yi rajista, amma ya rage ƙarfin rediyonsa. Buga show power inline a tsohon suwic ɗin ka ga nawa yake bayarwa. Idan suwic ɗin na iya 30 amma 15.4 kake gani, duba ko CDP ko LLDP a kashe suke, da su AP ke neman ƙarin wuta. Idan kuwa af ne iyakarsa, ba umarnin da zai gyara.

Mai tambaya: 15.4 ne a duka biyun, kuma takardar jikin suwic ɗin af kawai ta rubuta. Na yi write memory. Akwai ramuka uku da ba kowa a sabon suwic, amma nisan zai kai mita 80.

Shugaban zaure: Mita 80 ba matsala, iyakar kebul ɗin 100 ce. Ka sayi Cat6 na jan ƙarfe zalla, ka kauce wa mai araha da aka shafa wa alminiyam jan ƙarfe a sama, shi ke cinye wuta a hanya. Ja wa AP biyun kebul zuwa sabon suwic gobe Asabar, Lahadi ka zaga kowane aji da waya da kwamfuta ka gwada, ka kawo mana show power inline na sabon suwic ɗin mu gani.