Rediyo mai wayo: in an kwaikwayi mai lasisi fa?

Dalibi: Salam yan uwa, dan Allah rediyon nan da ke laluben tashar da ba kowa ya ara, in mugu ya kwaikwayi siginar mai lasisin tashar ya za'ayi? abin na damuna wlh

Injiniya: Wslm kanena, ai babban harin kenan, na'urori su zata mai tasha ya dawo su watse su bar masa fili. Sai a auna karfin siginar a gano inda take fitowa, in mai lasisin gidan talabijin ne hasumiyarsa ai bata yawo, in wurin bai dace ba to karya ce

Malama: Ni na cikin gida yafi bani tsoro, na'urar da ke turo rahoton karya in na'urori suna hada sakamakon laluben tashar da suka yi. A rika ba kowacce maki, wadda ta cika sabawa sauran a daina sauraronta

Dalibi: Na gode Malama, in masu karyar sun fi yawa fa?