Yaro mai shirin BEPC yana kwana kan TikTok, mu karɓe wayar ko mi?

Wata uwa, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ɗana shekararsa 15, bana zai yi jarrabawar BEPC. Tun da yayansa ya ba shi waya Tecno yake kai ƙarfe biyu na dare kan TikTok. Da ƙyar yake tashi asuba, a lakwal an ce yana gyangyaɗi, kuɗin karin kumallonsa ma forfe yake saye da su. Mahaifinsa ya ce a karɓe wayar, amma ta WhatsApp ƴan ajinsu ke tura darussa. Ku ba mu shawara don Allah.

Mai gyaran waya, babbar kasuwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komi a duba shekarar haihuwar da ya rubuta ranar da ya buɗe TikTok. Yawancin yara ƙara shekaru suke, kuma nan ɓarnar take farawa. Tun 2023 TikTok ke sa wa duk wanda bai kai 18 ba iyakar minti 60 a rana. Wanda bai kai 16 ba ba shi da damar saƙon sirri, kuma daga ƙarfe 9 na dare ake tsayar masa da sanarwa. In ya rubuta 20, duk wannan bai hau kansa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a goge asusun, a buɗe sabo da shekarunsa na gaskiya a gabanki.

Amma kada ki dogara da minti 60 ɗin nan, don in ya cika yaron da kansa ke iya buga lamba ya ci gaba. Abin da ke riƙewa shi ne haɗa wayarki da tasa. Ki sa TikTok a taki, ki shiga parametir, ki nemi Connexion Famille, ki zaɓi cewa ke ce uwa. Wani hoton lamba mai murabba'i zai fito, sai a ɗauke shi da wayarsa. Daga nan ke ce mai yanke lokaci.

Ɗalibin kwamfuta, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Gaskiya ne, sai dai akwai ƙofofin baya. Yaro na iya sauke TikTok Lite, ko ya shiga ta Chrome, ko ya buɗe asusu na biyu. Wasu Tecno da Infinix ma suna da wurin yi wa manhaja tagwaye. Shi ya sa na fi son a ɗaure wayar gaba ɗaya da Family Link na Google, kyauta ne. Ana sa shi a wayar babba, a haɗa da adireshin Gmail na yaron, wayoyin biyu na kusa kuma da intanet. Da shi za ki ce wayar ta kulle ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ki ba TikTok minti 45, ki bar WhatsApp a buɗe da rana, kuma ba ya sauke sabuwar manhaja sai kin yarda. Ko tana kulle kira na shiga.

Inda ake faɗuwa: a bar yaron ya san kalmar sirrin Gmail ɗin uwar, ko shi ne ma ya buɗe mata shi. Ki canza ta kafin a fara, kada kuma ta zama lambar wayarki.

Wani dattijo, unguwar Ali Dan Sofo:
Ni ina bayan mahaifinsa. Wata nawa ya rage a yi jarrabawa? A ba shi ƙaramar waya mai maɓallai, darussan a tura ta wayar uwar.

Malamar kwaleji:
Baba, da girmanka, karɓewa baki ɗaya sau da yawa ba ta hana komi. Yaron zai ari ta aboki a fada, can kuwa ba idon kowa. Abin da ya fi cutar da shi yanzu rashin barci ne. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi asuba bai samu rabin haka ba, kuma abin da aka koya da rana cikin barci yake zama a kai.

Hajiya, cazar ta koma ɗakinki. Bayan isha'i ya yi bita, ƙarfe 10 ya kawo wayar ta kwana wurinki, har da daren Asabar, don in aka sassauta dare ɗaya sai an sake faɗa. Kuɗin forfe kuma a raba su da na abinci. Ke za ki saya masa na sati sau ɗaya, in ya ƙare ya jira. Bidiyo na iya cin mega 500 a awa ɗaya, takardar darasi kuwa mega kaɗan ce, da kansa zai fara lissafi. Forfen dare kada a yarda da shi ko da ya fi araha. Kuma mahaifinsa ya zauna da shi ya faɗa masa dokar da dalilinta kafin a taɓa wayar, kada ya wayi gari ya tarar an kulle.

Uwar:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ni dai ƴar ƙaramar waya gare ni, ba ta intanet.

Mai gyaran waya:
Ba matsala Hajiya, a haɗa da ta mahaifinsa ko ta yayan da ya ba shi, in dai mai tsayawa kan magana ne. Wayar babban sai ta samu intanet duk lokacin da za a canza wani abu, amma kullewar dare tana aiki ko wayar babban tana kashe. A zo da wayoyin biyu da caji, da yaron kansa, aikin bai kai rabin awa ba.