Zaren gilashi da kuɗin haraji

Ɗan Tawada: Salamu alaikum. Makon nan ga abin da za mu taɓa: gwamnati ta kwashi kuɗin haraji ta shimfiɗa wa ƙasa duka intanet mai sauri ta wayar zaren gilashi, riba ce ko asara? Amsa-amo "ya". Bismilla.

Zaren gilashi, siriri kamar gashi,
Haske ke gudu cikinsa, ba ya gajiya.
Titi da gada wa ke gina su in ba hukuma ba?
To wannan ma titi ne, babu jayayya.
Kamfani ba ya shiga ƙauye don Allah,
Inda riba take, can yake jan waya.
Gida goma a bayan dutse, wa zai kai musu?
In gwamnati ta noƙe, an bar su a baya.

Sarkin Shakka:

Ɗan Tawada, wa ya ba ka kwangila?
Irin wannan zuga sai wanda aka biya.
Kafin ka ci bashi ka binne shi a rami,
Je ka tambayi mutanen Ostiraliya.
A 2009 suka ce biliyan 43 na dalarsu,
Aka haye 50, masu mulki ba ko kunya.
Asibiti ba magani, aji ba allo,
Kai kana rabon bidiyo ga mai jinya.

Na Gefe: Kai! Sarki ya yi magana. Ɗan Tawada, a sha ruwa tukuna.

Hajiya Mai Baiti:

Sarkin Shakka, rabin shafi ka karanta,
Ka rufe littafi ka hau yi mana hayaniya.
'Yan Ostiraliya sun faro da niyyar zare har ƙofar gida,
A 2013 sabuwar gwamnati ta juya.
Ta ce zare ya tsaya a akwatin bakin titi,
Tsohuwar wayar jan ƙarfe ta ƙarasa tafiya.
Araha ba ta ado, ga tsada ga rauni,
A 2020 suka dawo ja wa gidaje sabuwar waya.
New Zealand maƙwabciyarsu ba ta yi rawar kai ba,
Ta bi zare, ta gama a 2022 lafiya.
Tela ne ya yi ƙwauron yadi ya ɓata ɗinki,
Kai kuma ka ce a daina sa riga gaba ɗaya.

Ƙanwar Hajiya: Allah ya ƙara basira Yaya! Wannan baitin tela kaɗai ya biya kuɗin datata. Ina masu cewa Sarki ya yi magana?

Malam Aruli: Ba na shiga rigimar waya, ni dai kari nake dubawa. Sarkin Shakka, ɗangon nan naka mai lambobi, furta shi da baki: a dubu biyu da tara suka ce biliyan arba'in da uku na dalarsu. Gaɓa 24 ke nan. Wanda ke samansa 13. Wannan ba gurgun baiti ba ne, baiti ne mai ƙafa ɗaya doguwa har tana jan ƙasa.

Na Gefe: Malam, da girmanka. Ɗangon Hajiya na 2022 gaɓa 22 ne, na ƙirga da yatsu. Shi ba ka gan shi ba? Ko ma'auninka ɓangare guda yake aunawa?

Malam Aruli: Na gan shi. Nata ya karye, amma ya karye da ladabi.

Almajirin Waƙa: Gafarta Malam, ni a yadda aka koya mini, aruli ba ƙidayar gaɓoɓi ba ne, nauyinsu ake aunawa, mai nauyi da marar nauyi. In da ƙidaya ce ai da kalkuleta ta zama sha'ira.

Malam Aruli: Yaro, kafin a auna kaya sai sun shiga buhu. Wannan ɗango ko bakin buhun bai shiga ba. Kuma tunda ka tono, a faɗa mini karin da aka buɗe waƙar da shi. Ramal ne? Mutadarak ne? Na rera ta sau uku ban samu gindinta ba.

Ɗan Tawada: To fa, yanzu kuma ni ne. Malam a yi haƙuri, a bar mu mu koma kan waya.

Ɗan Tauraro:

Ku kuna haƙa rami kamar gafiya,
Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam, na sama tana muku dariya.
Faranti guda a kan rufi ya wadatar,
Ba kwangila ba bashi ba wata wahala da za a sha ko kaɗan wallahi.

Malam Aruli: Inna lillahi.

Ɗan Tawada:

Ɗan Tauraro, amsa-amonka ya faɗi,
Kamar sabis ɗinka in hadari ya taso da iska da walƙiya.
Tauraron da kake yabo, ina yake sauke saƙo?
Tashar ƙasa, ita kuma zare ne ya riƙe ta a baya.
Ƙarfen sabis ɗin da wayarka ke kamawa,
Bi sawunsa, ƙarshenta zare za ka tarar, ba tatsuniya.
Makiyayi da mai jirgin ruwa, tauraro ya dace da su,
Amma birni ya rataya da kamfanin mutum guda? Ganganci ne, ɗan Yaya.

Sarkin Shakka: Na dawo. Hajiya, na karɓi ta tela, amma riƙe wannan:

Kin ce laifin tela ne, to na ji na yarda,
Nuna mini gwamnatin da telanta bai taɓa cin yadi ba, Hajiya.
Amurka ta ware biliyan 42 a dokar 2021,
Har 2024 ta ƙare ana ta taswira da takarda da yarjejeniya.
Gida ko ɗaya kuɗin bai haɗa ba lokacin,
In giwa ta yi tuntuɓe, ina ga akuya?
Za ku ce Bankin Duniya ya ce arziki na ƙaruwa,
Wa ya sani ko arzikin ne ke sayo wayar tun da farko, ba ita ke kawo dukiya?

Na Gefe: Giwa da akuya! A rubuta wannan da ruwan zinare.

Hajiya Mai Baiti:

Amurkan da ka kira, ita za ta ba ka amsa,
Tuna 1936 da wutar gidajen karkara, ɗan jayayya.
Gona ɗaya cikin goma ke da lantarki,
Kamfani ya ce nisa ya yi yawa, ba zai iya.
Hukuma ta ba da rance aka ja musu layi,
Yau wa ke kiran wannan asara ko sharholiya?
Ni kuwa a shekarar korona na gani da idona,
'Yata a kan katanga, hannu sama, tana riƙe da waya.
Malama na koyarwa, fuskarta ta daskare,
Baki buɗe kan rabin kalma, sai ƙwallon nan ke juyawa yana juya.
Kafin hoto ya motsa an tashi daga aji,
Ta sauko da takarda fara, tana share ido a ɓoye don kunya.
Asibitin da kake kuka dominsa, Sarki,
Hoton ƙirjin majinyaci ta ina zai kai wa likitan da ke wata nahiya?

Ƙanwar Hajiya: Shiru kake ji. Kwana biyu ke nan fa. Na Gefe, ina ubangidanka?

Almajirin Waƙa: Malam Aruli ma ya yi shiru, ko yana ƙirga na Hajiya ne?

Sarkin Shakka: Ban gudu ba. Tun shekaranjiya na rubuta amsa, ta ƙi tafiya.

Hajiya Mai Baiti:

Allah sarki, mai hana a ja zare,
Ashe baitinsa ne ya maƙale a hanya.

Sarkin Shakka:

Ba sabis ba ne Hajiya, wuta aka ɗauke,
Waya ta mutu, na kwana biyu ina fifita da tsumagiya.
Ki ja zarenki har ƙarƙashin gadona,
In ba lantarki, sai dai in yi shanya da shi kamar igiya.

Na Gefe: Da tsumagiya ake fifita yanzu, ranka ya daɗe? Ni dai ina bayanka, amma wannan kam amsa-amo ne ya ja ka.

Malam Aruli: Har yanzu ba wanda ya faɗa mini karin.