Wai har yaushe za a riƙa ɗora wa yara Ruwan Bagaja?

Ummu Khairat: Jama'a ni yau raina a ɓace yake wallahi. An ba ƙanina Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya karanta saboda jarabawa, yaro ya kasa gane komai sai da na zauna ina masa bayani shafi-shafi. Littafin 1934 fa! Kuma me ake koya musu a ciki? Alhaji Imam yana yawo gari-gari yana yi wa mutane wayo, shi da Malam Zurƙe kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa sharri, wai shi ne jarumi. Ga labaran ma rabi sato su aka yi daga littattafan Larabawa. A canza wa yara littafi don Allah.

Abu Hanif: Sato?? Abubakar Imam kike kira ɓarawo? Ki iya bakinki malama.

Malam Na-Adabi: Hajiya ba sata ba ce, aro ne. Wanda ya karanta Maƙamatul Hariri ya san Abu Zaid, mai wayon nan da mai ba da labari ke cin karo da shi a kowane gari ya sake kama, to irin wannan haɗuwar ce ta Alhaji da Zurƙe, amma Abubakar Imam ya zuba ta cikin Hausar da har yau ba a samu mai irinta ba, ya ɗaura mata rawani ya sa mata riga ta zama tamu.

Ɗan Tasha: Aro ai mayarwa ake yi Malam. Ya mayar? 😂

Malam Na-Adabi: Kai ba da kai nake ba.

Ɗan Tasha: To ni in ɗalibinka ya kwafo aikin wani ya canza sunaye sifili kake ba shi, amma da yake babba ne sai a ce aro. Allah ya kyauta.

Abu Hanif: Mutumin da ya rubuta wannan yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya zo ya yi Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kai me ka rubuta ban da sharhi a ƙarƙashin maganar mutane?

Maman Afnan: Ni dai akun nan ne ya fi burge ni a littafin, yadda yake hana ɗan sarki fita ta hanyar ba shi labarai.

Sadik: Wannan Magana Jari Ce ce Maman Afnan, babu aku a nan 🤦

Maman Afnan: To ba duk mutum ɗaya ya rubuta ba?

Bakatsine Na Asali: Duk mai zagin Imam hassada ce kawai yake wa Katsina, mu muka ba Arewa marubuta.

Sadik: A Kagara aka haife shi a 1911, jihar Neja yanzu. Karatu da koyarwa ya yi a Katsina. Yayansa ma Bello Kagara mai Ganɗoki, ga sunan garin nan a jikinsa.

Bakatsine Na Asali: Inda mutum ya yi ilimi nan ne garinsu. Kagarar ce ta koya masa rubutu?

Sadik: To ai sai Zazzagawa su ma su taso tunda a Zariya Baturen nan Rupert East ya shirya gasar rubutun littattafan Hausa ta 1933 da Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, can kuma Imam ya yi aikin jarida.

Ummu Khairat: Ni fa maganata a canza littafi ce, ba wanda ya ce komai a kai.

Abu Hanif: Ki fara janye sato tukuna. Ko so kike a sa musu littattafan soyayya na kasuwa?

Ummu Khairat: Su ne suka koya wa mata da yawa karatun Hausa, ka daina raina su. Kuma ban janye ba.

Admin: To ya isa haka. A taƙaice dai kowa ya yarda Imam bai saci komai ba, aro ya yi kamar yadda Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma littafin yana nan daram. Masu cewa a canza ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Batun Katsina kuwa Bakatsine yana da gaskiyarsa. An rufe.

Ɗan Tasha: Kowa wa? Ni yaushe na yarda?