Neman shawara: kamfanin magani yana son haɗe shagunanmu biyar su zama kanti ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida mai bene a bakin titi a Kano, ƙasansa shaguna shida ne a jere, samansa kuma iyali ne suke zaune. Shekarun baya wani kamfanin magani mai rassa da yawa ya karɓi hayar shaguna biyu na kan kwana, kuma ba mu taɓa samun matsalar biya da su ba. Yanzu sun aiko wakilinsu cewa suna son ƙarin shaguna uku da ke gefensu, a fasa bangayen da ke tsakani, wurin ya zama zaure ɗaya, a kuma rushe dakalin gaba domin motoci su riƙa tsayawa. Sun yi tayin haya ta shekara 10 a kan kuɗin da ya fi abin da muke karɓa nesa ba kusa ba. Waɗanda za a tasa su ne tela, da mai kayan masarufi, da mai gyaran waya, telan kuwa tun mahaifinmu yana raye yake wurin. Ƙannena suna son a amince, ni kuma na kasa gane abin da za su yi da shago biyar, alhali maganin da nake gani a wurinsu bai cika shago ɗaya ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su haska mana.

Amsa daga wata mai harhaɗa magunguna a Kaduna:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da idonka ya gani daidai ne, ba don magani suke neman filin ba. Hukumar PCN, wadda ke yi wa shagunan magani rajista, murabba'in mita 30 ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin faɗin shagon da ke sayar wa jama'a, kuma da wuya a ce shaguna biyu na bakin titi ba su kai haka ba. Ragowar filin na kayan jarirai ne, da madara, da sabulu, da man shafawa, da turare, da lemo mai sanyi, domin ribar waɗannan takan fi ta maganin zazzaɓi, ba sa kuma bukatar takardar likita. Idan ka shiga rassan manyan kamfanoni irin su Medplus da HealthPlus a Legas, ko H-Medix a Abuja, za ka ga kayan kanti sun ci babban kaso na wurin. A irin wannan tsari akan ajiye kantar magani can ciki, ta yadda wanda ya zo karɓar maganin hawan jini sai ya ratsa layin kayan kwalliya a shigarsa da fitarsa.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani kafin a zauna ciniki. Ƙa'idar hukumar ita ce a bar tazarar mita 200 tsakanin shagon magani mai rajista da wani, sauya wuri kuma yana bukatar a zo a duba sabon wurin a amince da shi. Saboda haka reshen da ya riga ya kafu a kwana mai jama'a ba ya son motsawa, sai dai ya faɗaɗa ta gefe, gefen kuwa naku ne. Ku ne da ƙarfi a wannan cinikin.

Ka tambaye su inda za su ajiye janareta. Magunguna da yawa ba a son zafin ma'ajinsu ya wuce digiri 30, insulin da alluran rigakafi kuma sai a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga shi zafin Kano a watan Afrilu yana haura 40. Zaure mai girman shago biyar sai da manyan na'urorin sanyaya wuri, iyalinku da ke sama su ne za su kwana da ƙarar injin da hayaƙinsa idan ba a tsara wurinsa tun farko ba.

Amsa daga wani ɗan uwa mazaunin New York:

Yaya, mu nan mun ga farkon wannan lamari, mun kuma ga inda ya kai. An yi zamanin da kamfanonin magani na CVS da Walgreens da Rite Aid da Duane Reade suke rige-rigen kama kwanar titi, suna haɗe ƙananan shaguna su zama kanti ɗaya, har ka ga biyu suna kallon juna a mahaɗa guda. A 2010 Walgreens ya saye Duane Reade. Masu gidaje sun ji daɗi, domin haya ce ta shekaru masu yawa, kuma sau da yawa ɗan hayar ne ke ɗaukar haraji da inshora da gyara. Daga baya ciniki ya ja baya, mutane suka koma sayayya ta intanet, ribar magani ta ragu. A 2021 CVS ya sanar zai rufe rassa 900 cikin shekara uku, a 2024 Walgreens ya ce zai rufe 1,200, Rite Aid kuwa ya karye, ya rufe rassansa gaba ɗaya a 2025. Abin da ya rage a unguwanni shi ne manyan zauruka da gilasai a rufe, waɗanda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya biyan hayarsu ba, babban kuma ba ya so. Na san Kano ba New York ba ce, har yanzu mutanenmu da ƙafarsu suke zuwa sayen magani. Amma ka lura cewa yau idan mutum ɗaya ya tashi, hayar shago ɗaya ka rasa, ran da kamfanin ya tashi kuwa hayar shago biyar za ta tsaya lokaci guda.

Amsa daga wani lauya:

Alhaji, tun da gidan gado ne, kada ka sa hannu kai kaɗai, a samu amincewar dukkan magada a rubuce, har da mata. Hayar da ta wuce shekara uku ba a yin ta da rasit, sai da cikakkiyar yarjejeniya da lauya ya tsara aka yi mata hatimi, kuma idan gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, lauyanku ya duba batun amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Kada ku yarda da kuɗi ɗaya na tsawon shekara 10, a rubuta cewa za a sake duba hayar duk bayan shekara biyu ko uku, domin kowa ya ga yadda darajar naira ta faɗi tun 2023. A rubuta cewa ranar da za su tashi su ne za su mayar da bangayen da ƙofofin yadda suka same su, su kuma ajiye kuɗin wannan aiki a gefe tun yanzu, cewa kuma ba za su ba wani hayar wurin ba sai da izininku. Game da waɗanda ke ciki, mai hayar shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida idan babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, kuma ba a fitar da kowa da ƙarfi sai ta hanyar kotu.

Amsa daga wani injiniyan gini:

Kada a taɓa bango ko ɗaya sai injiniyan da ku kuka ɗauko ya duba, ban da na kamfanin. A tsofaffin gidajenmu da yawa bangon tsakanin shaguna shi ne yake ɗauke da benen, ba ginshiƙi ba, kuma akwai rayuka a sama. A nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin a canza fasalin ginin, a kuma tabbatar wurin motocin bai hau kan kwata ba.

Amsa daga wata dattijuwa:

Ɗana, dakalin nan da kake cewa za a rushe, na tabbata nan ne mutanen layinku suke zama da yamma, kuma telan da mahaifinku ya zaunar amana ce a hannunku. Ban ce ku ƙi arziki ba, shagon magani mai tsabta a kusa alheri ne ga masu ciwon suga da mata masu goyo. Tun da shagunan shida ne, ku ba kamfanin biyu maimakon uku, a bar wa telan shago, ka zauna da shi kai da kanka kafin ya ji labari a bakin dillali, sauran biyun kuma a ba su lokaci a taimaka musu da neman wuri.

Mai neman shawara ya sake rubutowa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tara 'yan uwana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in gabatar musu da shawarar Hajiya ta ba da shaguna biyu, kuma injiniya zai fara zuwa kafin mu ba wakilin kamfanin amsa. Barista, kuɗin mayar da bangayen, a hannun wa ya fi dacewa a ajiye shi?

Lauyan ya amsa:

A asusun banki na musamman, Alhaji, wanda ba za a cire komai daga cikinsa ba sai da sa hannun ɓangarorin biyu, kuma a rubuta cewa idan kuɗin bai isa aikin ba a lokacin tashi, kamfanin ne zai cika.