Tela ce ko marubuciya? Muhawara kan masu rubuta soyayyar Kirista

Kawu Dauda: Jama'a barkanmu da yamma. Jiya na gama wani ƙaramin littafi da 'yata ta aro, irin na soyayyar Kirista da ake bugawa a Amurka. Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Wannan ba adabi ba ne, wa'azin Lahadi ne aka shafa masa jan baki. Tun shafi na goma na san wa zai auri wa, na kuma san saurayin nan da ya daina zuwa coci sai ya tuba kafin a ɗaura aure. Wadda ke rubuta irin wannan tela ce da aka miƙo wa awo, ba marubuciya ba.

Rahila: Kawu, ai tela ma akwai gwani akwai ɗan koyo.

Kawu Dauda: Na yarda. Amma dukansu ba su ne suka zaɓi yadin ba.

Malam Bitrus: Maganar awo dai Kawu bai yi ƙarya ba. Kamfanin buga littattafai na Harlequin yana da reshe mai suna Love Inspired tun 1997, kuma kowane wata sai ya fitar da sababbin littattafai. Wadda ke son su buga mata ta san tsawon da ake so, kalmomi wajen 55,000. Babu ashar, babu kwanciya, soyayya ba ta wuce riƙe hannu da sumba, kuma dole bangaskiya ta shiga cikin labarin. Ga wa'adin miƙa rubutu, ga edita da za ta dawo maka da shi da gyare-gyare. Wasu matan suna fitar da uku ko huɗu a shekara, da shi suke ci suke sha. To wanda ke rubuta huɗu a shekara, yaushe ya zauna ya yi tunani?

Hajiya Binta: Malam, a nan ne zan shigo, ko da yake ni ba Kirista ba ce. Wannan magana da ita aka daɗe ana dukanmu a Kano. An kira littattafanmu adabin kasuwa, an ce muna lalata tarbiyyar 'yan mata, har a 2007 aka tara littattafai aka cinna musu wuta. A lokaci guda kuma malaman jami'a suna cewa duk labarinmu ɗaya ne, daga auren dole sai kishiya. Wani ya ce ka yi yawa, wani ya ce ba ka kai ba. In dai mace ce ta rubuta soyayya, kuma mata ne ke saye, to an riga an yanke hukunci kafin a buɗe bango.

Kawu Dauda: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ban ce don mata ne ba.

Hajiya Binta: Ba ka ce ba. Amma littafin ɗan sanda ma tun farko an san za a kama ɓarawo, ban taɓa jin an kira marubucinsa tela ba.

Rahila: Bari in kawo wa Kawu mutum ɗaya, in ya ga dama ya kira ta tela. Francine Rivers, Ba'amurkiya ce. Kusan shekara goma tana rubuta soyayya irin ta kowa da kowa, ana saye, tana da suna. A 1986 ta ba da gaskiya ga Yesu, sai rubutu ya ƙi mata. Shekara kusan uku ba ta gama komai ba. Da ta zauna nazarin littafin annabi Yusha'u, wanda Allah ya ce ya auri mazinaciya, sai ta ɗauko labarin ta kai shi Kaliforniya ta wajen 1850, zamanin da ake rububin tonon zinariya. Shi ne Redeeming Love na 1991. Yarinyar labarin tun tana ƙarama aka sayar da ita gidan karuwai. Wani mutum ya aure ta, ta gudu, ya je ya dawo da ita, ta sake guduwa. Kawu, wane tela ne ake ba shi irin wannan yadin?

Malam Bitrus: Wannan ɗaya ce cikin dubu, Rahila. Kuma ba a ƙarƙashin wancan reshen aka buga ta ba.

Rahila: Ɗaya ta isa ta rushe "dukansu".

Kawu Dauda: Ba ta isa ba, 'yata. Kin ma taimake ni. Sai da ta bar awo sannan ta ɗinka abin kirki. Je ki dubi waɗanda ake sa wa hoton budurwa mai farar hula a bango, labarin 'yan Amish na Pensilbaniya, mutanen da ke yawo a keken doki ba sa jawo wutar lantarki gida. Yawancin masu rubuta su ba Amish ba ne. Sun gano cewa mai karatu tana son duniyar da babu waya babu tashin hankali, suka yi ta ɗinka mata.

Maman Tabita: Ni mai karatu ce kawai, in an ba ni dama. Kawu, duniyar da babu tashin hankali laifi ce? Na yini a asibiti tsaye a kan marasa lafiya. In na dawo na ɗauki littafi, ina so in san ba za a kashe mini kowa a shafi na ƙarshe ba. Kuma ina iya barinsa a kan kujera 'yata ta ɗauka ban yi tsalle na ƙwace ba.

Rahila: Tun da an zo nan bari in faɗi nawa. Ni ma ina rubutawa, da Hausa, a waya. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi kafin yara su farka, in caji ya kai. Babu kamfanin da ya gindaya mini doka. Amma akwai babin da na sa saurayi ya riƙe hannun budurwa a cikin keke napep, don an taka birki ta kusa faɗuwa. Ranar Lahadi bayan sujada wata uwa daga zumuntar mata ta ja ni gindin mangwaro, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Rahila, ita yarinyar nan ba ta da ƙarfen da za ta riƙe ne?" Na yi dariya, ita ko ba ta yi ba. Don haka Malam Bitrus, dokar ba a ofishin edita take farawa ba. Edita tsoron wasiƙar irin wannan uwar take ji.

Hajiya Binta: Wallahi kamar kin shiga wayata. Ni ma masu karatu ne hukumar tacewata ta farko.

Kawu Dauda: To kin cire hannun ko kin bar shi?

Rahila: Na bar shi. Na ce mata Mama, Waƙar Waƙoƙi a cikin Littafi Mai Tsarki take, kuma Rut da dare ta je masussuka ta kwanta wajen ƙafafun Bo'aza. Ta ce wannan daban.

Amma Kawu, akwai inda ka taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Rufe ƙofar ɗaki ba ya ba ni wahala. Janette Oke, 'yar Kanada, da littafinta na 1979 ta buɗe wa wannan kasuwa hanya, kuma labarin gwauruwa ne da ta auri wanda ba ta so don ta sami inda za ta fake da sanyi. Duk daɗin yana cikin jira ne, ba a ɗaki ba. Abin da ke kayar da ni shi ne babin tuba. Sau biyar na rubuta wanda nake kai yanzu. Duk sanda saurayin ya durƙusa zai yi addu'a, sai in ji ba muryarsa ba ce, muryar fastonmu ce. Kuma can ƙasan raina na san ya tuba ne don babi biyu suka rage a yi biki.

Kawu Dauda: Yauwa! Abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu.

Rahila: A'a, kai ka ce ba marubuta ba ne. Ni na ce wurin yana da wuya. Tela ba ta warware ɗinki sau biyar don muryar riga ba ta yi mata ba.

Malam Bitrus: In ya ƙi tuba fa? Ki bar shi haka, ta aure shi ko ta rabu da shi.

Maman Tabita: In ta rabu da shi ni dai ba zan saya ba, na faɗa tun yanzu.

Hajiya Binta: Rahila, turo mini babin ta gefe in gani. Ina da wani ɗan iska a nawa littafin da ya kamata ya shiryu tun watan jiya, shi ma ya ƙi.

Rahila: To Hajiya, sai an kawo wuta. Saura kashi shida a wayar.