"Rijiya ta bayar, guga ya hana": a ƙaramar hukuma wane ne gugan?

Malamin Hausa:
Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar muna zaune a bakin masallacin unguwarmu, maganar kwalbatin da ta toshe tun farkon damina ta taso. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Rijiya ta bayar, guga ya hana," yana nufin ciyaman. Nan take wani ya ce an zalunci ciyaman, shi ma ƙishirwar yake ji. Har aka kira magariba ba a daidaita ba.

Yadda na san karin maganar nan, sharaɗi biyu gare ta. Mai abu ya riga ya yarda ya bayar, wanda ya hana kuma abin ba nasa ba ne, aike kawai aka yi shi. Kamar Alhaji ya ce a auna wa maƙwabciya tiya biyu ta gero, yaron shago ya ce mabuɗin sito ya ɓace. In mai abu ne da kansa ya hana, wannan rowa ce, ba a kawo maganar guga. To a ƙaramar hukuma wa ke rijiya, wa ke guga?

Tsohon Kansila:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi kansila zango ɗaya, kuma ina gaya maka ciyaman ba shi ne gugan ba. Rijiya ita ce asusun tarayya. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da namu 23 na Sakkwato, suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa duk wata. Amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin su fara sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da rabon masarauta, da kuɗin ayyukan da ake cewa na haɗin gwiwa. Ba na manta zaman da muka yi, ma'aji ya miƙe da takarda ɗaya tal a hannunsa, ya karanto abin da ya iso, ya karanto albashin ma'aikata, ragowar ba ta isa a haƙa burtsatse biyu ba, mu kuwa kansiloli goma ne, kowa da alkawarin da ya ɗauka a mazaɓarsa. Na koma gida ban san abin da zan gaya wa mutanena ba.

Ai saboda haka ne ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya ɗora kantoma. Kotu ma ta gane inda gugan yake.

Hajiya Mai Albasa:
Kansila, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni ban san sashe kaza ba, amma na san rasit. Duk ranar kasuwa kafin in sayar da buhu ɗaya, yaron ƙaramar hukuma yana tsaye a kaina da littafinsa. Kuɗin rumfa daban, kuɗin sauke kaya daban, mai motar da ya kawo ni ya biya na tasha, masu dabbobi a kara su ma sun biya. Wannan kuɗin bai je Abuja ba, bai shiga asusun haɗin gwiwarku ba. A nan mu ne rijiyar. Shekara uku ke nan makewayin kasuwarmu ba shi da ƙofa, mata sai mu roƙi gidajen mutane. Bolar da ke bayan 'yan nama har ta kai tsayin rumfa. Wane gwamna ne ya hana a kafa ƙyaure? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya karɓi ƙuri'armu, yana karɓar kuɗinmu, askin muke jira.

Baba na Bakin Gulbi:
Ɗiyana, kun tsaya ga rijiya da guga, kun mance igiya. Mu da munka tashi muna ban ruwan shanu mun san guga ba shi hana ruwa haka kawai. Ko dai shina da huji, ka jawo shi cike, kamin shi kawo baki rabi ta zube. Ko igiya ta gaza, rijiya gaba ashirin, igiyarka gaba sha biyar, kana jin ruwa ƙasa ba ka taɓa su. Ko ko mai ja na, shi ɗebo shi juye ga kwarkwaron shanunai, naka suna kallo. Ukun ga ba ɗaya ba ne. Mai huji ɗinki shika so. Gajerar igiya ƙari taka so. Na ukku kau, ba laifin guga ba ne ko kaɗan, hannun da ar riƙe da igiya za a duba.

Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, mun san hannun. Uban ƙasa ka tara haraji da jangali ta hannun hakimai, a kai baitulmali, En'e na da 'yan dokanta da gidan yarinta. In anka zalunce ka, ka san ƙofar da za ka tsaya. Da anka yi gyaran 1976, mulkin yau da kullum ya koma ga majalisar ƙaramar hukuma, sarakuna sunka koma masu ba da shawara. Anka ce yanzu igiya ta dawo hannun talakka. Abin da nika tambaya, ta dawo?

Ɗalibin Shari'a:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tambayar nan ita ce maganar gaba ɗaya. A takarda ta dawo. Sashe na 7 na tsarin mulki ya lamunce cewa ƙaramar hukuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta. Jadawali na huɗu kuma ya jera aikinta: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makewayin jama'a, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna, har lasisin keke da amalanke. Sannan tana sa hannu a firamare da kiwon lafiya da noma. Duk abin da Hajiya ta lissafa yana ciki, kwalbatin Malam ma haka.

Iyakar ciyaman kuma a fili take. Ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, DPO ba daga gare shi yake karɓar umarni ba, shi ya sa ɗora masa alhakin 'yan bindiga shi kaɗai bai dace ba. Kasafin kuɗinsa sai kansiloli sun amince. Inda igiyar ta kuɓuce shi ne zaɓen kansa: hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, gwamna kuma ke naɗa mutanenta. Mutum yakan duba hannun da ya zura shi rijiya.

Direban Illela:
Ni abin da ke ɗaure min kai, a rediyo ana cewa magajin garin Landan, alhali mu nan Magajin Gari sarauta ce ta fadar Sarkin Musulmi. A Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar ma haka suke kiran ciyaman ɗinsu, kuma can kansiloli ne ke zaɓensa a tsakaninsu, kafin sojoji su rushe majalisun a Afrilun 2024 su naɗa nasu. Wanda aka naɗa kam guga ne, babu musu.

Tsohon Kansila:
Hajiya, na karɓa a kan kuɗin kasuwa. Amma ki sani ba ya taka kara ya karya idan aka kwatanta da na Abuja.

Hajiya Mai Albasa:
Ƙyaure nawa ne, Kansila?

Malamin Hausa:
Na gode muku. Ni dai ga inda na tsaya, kuma Direba ne ya ƙarasa buɗe min ido. Karin maganar ta hau kan kantoma daidai, domin ɗan aike ne, wani ya zura shi, wani zai jawo shi. Amma in muka kira zaɓaɓɓen ciyaman guga, mun ba shi mafaka ba mu sani ba, mun yarda ke nan cewa ba shi da ta cewa. Dattijon unguwarmu zagi ya yi nufi, ashe uzuri ya ba shi. Mutumin da ya bi gida-gida yana neman ƙuri'a, ya rantse da Alƙur'ani a gaban jama'a, yana da sa hannu a kan takardar kuɗi, ba ya cikin sharaɗi na biyu da na faɗa a farko. Aikin nasa ne. In an tare masa ruwa a sama, yana da bakin da zai fito ya ce ga abin da aka turo, ga abin da ya iso hannuna. Ma'aikatar kuɗi ta tarayya da hukumar ƙididdiga suna fitar da rabon kowace ƙaramar hukuma, ana samunsa a intanet. Shirun da yake yi ne ya fi ci min rai fiye da kwalbatin.

Ɗalibi, don Allah ka turo mana rabon wata ukun da suka wuce. Hajiya, ki tara rasit ɗinki na wata guda, ki roƙi maƙwabtan rumfarki su ma su tara. Mu a unguwarmu mun sa ranar Asabar bayan azahar za mu je gidan kansilanmu mu biyar, da mai unguwa, da hoton kwalbatin.

Baba na Bakin Gulbi:
In kun tashi ku biyo ta nan, Malam. Ni ma ina da maganar maƙabartarmu da ruwa ka ci.